Lissafi a Bayan Takardar Wuta

Daren jiya, da aka ɗauke wuta a Samaru,
na kifa takardar kuɗin lantarki a kan tabarma,
na ja layi uku da biro,
na ce yau sai na san gaskiya.

Layin farko na Muntaƙa ne.
Tare muka yi aikin awo a Asibitin Shika,
shi ke ɗibar jini, ni ke leƙa madubi.
Yanzu yana Ingila.
Albashinsa na wata guda, in an juya shi naira,
zai saye kantin Baba Iro na Tudun Wada
har da sikeli da kyanwar da ke gadin buhuna.
Amma ya ce rabi na mai gida ne,
ɗaki da falo kamar akurki.
Gwamnati kan yanki nata tun kuɗin ba su ga aljihu ba,
ɗumama ɗaki ma da farashinsa,
mai rainon 'yarsa ta fi shi morar guminsa.
Likita kyauta ne, in za ka iya jira
har ciwon ya gaji ya kama gabansa.
Na ce, kuna ganin rana kuwa?
Sai ya yi dariya.

Na biyu Nasiba ce, a Riyad.
Ba haraji, ba kuɗin haya,
motar asibiti ta kai ta, ta dawo da ita.
Umara uku ta yi bara,
ginin Hanwa ya kai linta,
ƙanenta na karatun lauya a Kongo da kuɗinta.
Yaranta biyu kuwa suna Ƙofar Doka wajen kaka,
ƙaramin ya koyi cewa Umma
yana lasar gilashin waya.
Ko ta shekara ashirin sunanta baƙuwa,
ran da kwantiragi ya ƙare, ga akwati, ga ƙofa.
Wannan a gefen riba zan sa shi ko na faɗuwa?
Nan biro ya ƙi tafiya.

Ishaya na Wusasa yana Kanada.
Ya sami takardar zama,
famfo ba ya tari, kwan lantarki ba ya ƙiftawa,
yana bin hanya tsakar dare ba ya karanto addu'a a kowace kwana.
Sai dai digirinsa na nan bai ci kasuwa can ba,
abinci yake kai wa mutane gida gida,
motar bashi, wayar bashi,
rigar sanyin ma biya kaɗan kaɗan.
Ran da aka binne mahaifinsa
ni na riƙe wayar a bakin kabari,
hoton na tsayawa, yana dawowa.
Ya ce, matsa kusa,
kai ne idona a Zariya.

Ni ban ja wa kaina layi ba,
a gefe na maƙala nawa, inda takarda ta yage.
Albashina kan cika ranar sha biyu ga wata,
sauran kwanakin littafin bashin Baba Iro ke riƙe da su.
Makon jiya janareta ya mutu muna tsakiyar gwajin jinin wani yaro,
na fita waje na zauna, na kasa kallon ubansa.
Duk da haka, in Inna ta yi tari a Limanci,
kafin ta kurɓi ruwa na iso.
Wannan nawa ne a fam?
Nawa ne a riyal?
Fasfona na ƙarƙashin katifa wata bakwai,
har ya ɗauki ƙamshin ajiya.

Lantana ta leƙo da fitila a hannu,
ta ce, to Malam, wa ya ci?
Na ce kowa ya sayi abu, kowa ya bar canji a wani wuri.
Ta ce, wannan amsar malaman jami'a ce,
gobe dai babu gawayi.

Sai ga wuta ta dawo, yaran layi suka kwashe da ihu.
Na juya takardar ta fuskarta.
Dubu goma sha takwas da ɗari huɗu,
har yanzu ban biya ba,
kuma ba ta san Ingila ba, ba ta san Riyad ba,
sunana kawai ta sani, da lambar gida, da Zariya.